Mata masu rubuta labaran kimiyya da rainin da ake musu: tambayoyinku da amsoshina

Tambayoyin nan su ne dai ake ta maimaita min duk sanda hira ta biyo ta kan littattafai, daga ƙannena 'yan jami'a har ƙawayena masu rubutu, shi ya sa na ce bari na tara su guri ɗaya na amsa na huta. Wasu amsoshin gajeru ne, wasu kuma sai kun yi haƙuri don abin na ci min rai.

Anti wai mene ne ma ƙagaggen labarin kimiyya? Ba irin labarin aljanu ba ne?

A'a. A labarin aljanu ba wanda zai tsare ki da tambayar ta yaya aka yi mutum ya tashi sama, an ce ya tashi shi kenan. A labarin kimiyya kuwa marubuciya tana kafa abin ne a kan wani ilimi ko wata na'ura ko wani sauyi da hankali zai iya bin sawunsa, sai ta ce to da a ce kaza ya faru, ya mutane za su rayu? Da a ce ruwan rijiyoyin Kano ya ƙafe kwata-kwata nan da shekara 60, wa zai mallaki ruwan, wace yarinya za a cire daga makaranta don ta bi layi? Kin ga ba roka ba kumbo a ciki amma labarin kimiyya ne. Iyakar dai ba ta da katanga, da yawa suna cakuɗa biyun.

Ai ni na ɗauka harkar maza ce, mata soyayya suka iya.

Malam littafin da masana da yawa suke lissafawa a matsayin mafarin wannan fanni yarinya ce ta rubuta shi. Mary Shelley tana da shekara 18 ta fara Frankenstein a 1816, ya fito a 1818 babu sunanta a jiki, kuma tunda mijinta mawaƙi ne sananne kuma shi ya rubuta gabatarwar, sai mutane suka ce ai shi ne mai littafin. Sai a bugun 1823 sunanta ya hau.

Wadda ta fi burge ni ma Musulma ce, Rokeya Sakhawat Hossain 'yar yankin Bengal. A 1905 ta fitar da gajeren labari mai suna Sultana's Dream a wata mujallar mata da ke Madras. A ciki wata mata ce ta yi mafarkin ta je ƙasar da maza ne suke kulle, mata ke waje suna mulki. Jami'o'in mata guda biyu ne a ƙasar, ɗaya ta gano yadda za a tatso ruwa daga gajimare, ɗaya ta gano yadda za a tara zafin rana a yi girki da shi ba hayaƙi ba kunna itace, kuma da wannan zafin ranar suka kori sojojin abokan gaba bayan mazan sun kasa. Har da tsokana, wai aikin ofis ɗin da maza suke yini a kai su a awa 2 suke gamawa tunda ba sa tsayawa busa sigari. 1905 fa! Lokacin ko sola ɗin da muke ta saye yanzu saboda rashin wuta ba a san da ita ba. Matar nan daga baya ta buɗe makarantar 'yan mata Musulmi, kuma har yau Bangaladash na bikin tunawa da ita duk 9 ga Disamba.

To in haka ne me ya sa ba mu cika jin sunayensu ba?

Wani ɓangaren dai don sun ɓoye sunan ne, ko an ɓoye musu. C. L. Moore mace ce, Andre Norton mace ce, C. J. Cherryh mace ce. Ita kanta Ursula K. Le Guin, fitacciyar marubuciyar fannin, da wata babbar mujallar maza ta Amurka ta sayi labarinta a 1969 sai suka buga da U. K. Le Guin don kada masu karatu su gane.

Amma labarin da ba na gajiya da bayarwa shi ne na James Tiptree Jr. Wannan suna ya fara fitowa a ƙarshen shekarun 1960, daga baya ya riƙa kwasar kyaututtuka, ba wanda ya taɓa ganin mai shi, sai dai wasiƙa ta akwatin gidan waya. Da aka fara raɗe-raɗin ko mace ce, sai wani babban marubucin fannin, Robert Silverberg, ya rubuta a gabatarwar littafin Tiptree a 1975 cewa wannan zance ne maras kan gado, wai rubutun yana da wani namijin ƙarfi da mace ba za ta iya ba, har ya haɗa shi da shahararren marubucin Amurka Hemingway. Ba a daɗe ba mahaifiyar Tiptree ta rasu a 1976, mutane suka bi sanarwar rasuwar suka haɗa lissafi, ashe Alice Sheldon ce, mace mai shekara 61, tsohuwar ma'aikaciyar leƙen asiri mai digirin dakta a nazarin halayyar ɗan Adam, sunan ma a jikin kwalbar jam ta gani a kanti ta ɗauka. Shi dai Silverberg ya karɓi abin da girma. Amma tun daga ranar duk mai cewa yana gane rubutun mace daga jimlar farko sai a tuna masa.

Joanna Russ ta yi littafi guda a 1983 a kan dabarun da ake bi a danne rubutun mata: a ce ba ita ta rubuta ba, in ta tabbata ita ce a ce taimaka mata aka yi, in wannan bai ci ba a ce to dubi shirmen da ta zaɓa ta yi rubutu a kai, ko a ce ai guda ɗaya tak ta yi. Duk marubuciyar Kano da ta karanta wannan sai ta yi dariya, don ta san “wani ne yake rubuta mata” da “fim ɗin Indiya ta kwafo”.

Shi lakabin nan na “labarin kimiyya” wa yake maƙala shi? Marubuciyar ce ko wa?

Yawanci ba ita ba ce. Kamfanin ɗab'i ne da mai kanti, don su san kantar da za su jera littafin da irin bangon da za su yi masa da mutanen da za su tallata wa. A Amurka fannin ya samu gidansa ne a mujallu masu arha na takarda maras kyau, irin Amazing Stories da Hugo Gernsback ya fara a 1926, bango duk dodanni da bindigogin haske, to sai warin arhar ya bi fannin har yau. Kyautar Hugo ma, babbar kyautar fannin, sunansa ta ci, an fara ta a 1953.

Asali abin na kasuwa ne ba laifi, matsalar ita ce daga baya sai ya koma hukunci. Kin san yadda ake yi a Kantin Kwari, Hajiya za ta juya bakin atamfa ta duba tambari tun kafin ta murza ta ji laushin, in tambarin bai mata ba ko buɗewa ba za ta sa a yi ba. Haka mai sharhin littafi da alƙalin gasa da malamin da ke tsara manhaja suke yi, kuma littafin da ba a buɗe ba ta ina zai ci kyauta.

Abin haushin kuma ba kowa lakabin ke kamawa ba. Orwell ya rubuta labarin gaba, ana karantar da shi a matsayin adabi. Ishiguro ya rubuta labarin yaran da aka kwafo halittarsu don a cire sassan jikinsu a 2005, daga baya ya ci Nobel. Cormac McCarthy ya rubuta labarin bayan rushewar duniya ya ci babbar kyautar Pulitzer ta Amurka a 2007. In wanda ake girmamawa ya shigo fannin sai a ce ai shi nasa ya wuce labarin kimiyya, wato duk mai kyau a tsame shi a kai sama, a bar ragowar sannan a nuna a ce kun gani ba abin kirki a wajen. Mace kuma duka biyu take sha, a cikin fannin ana ce mata baƙuwa, a waje ana ce mata 'yar fannin.

Na ji an ce Margaret Atwood ta ƙi yarda a kira littattafanta na kimiyya. Gaskiya ne? Kuma ke wa kike goyon baya?

Gaskiya ne, kuma rigima ce mai daɗi. Atwood 'yar Kanada ce, The Handmaid's Tale nata ya fito a 1985, labarin Amurkar da ta koma ƙarƙashin wata gwamnatin danniya ana tilasta wa matan da ke iya haihuwa su haifa wa manya. Littafin ya shiga jerin ƙarshe na Booker, babbar kyautar adabin Turanci, a 1986, sannan a 1987 shi ne ya fara cin kyautar Arthur C. Clarke, wadda ta labaran kimiyya ce zalla. Duk da haka ita ta dage nata labarin hasashe ne, wai ba ta sa komai a ciki ba sai abin da ya taɓa faruwa ko zai iya faruwa a doron ƙasa, har ta taɓa yin shaguɓe cewa labarin kimiyya na dabbobin ruwa ne masu magana a sararin samaniya. Tab, masu fannin suka ji zafi.

Le Guin, wadda suke mutunci da ita, ta ba ta amsa a 2009 cikin sharhin da ta yi wa wani littafinta a jaridar Guardian. A taƙaice ta ce wannan ma'ana da Atwood ta ƙirƙiro kariya ce kawai, ba ta so 'yan sharhi da masu ba da kyauta su tura ta unguwar bayan gari ta adabi, kuma ba za a ga laifinta ba. Atwood ba ta yi fushi ba, ta fitar da littafi a kan alaƙarta da fannin a 2011 ta sadaukar da shi ga Le Guin ɗin.

Ni dai ina bayan Le Guin. Na fahimci tsoron Atwood, kuma lissafinta ya biya ta, Booker biyu gare ta, 2000 da 2019. Amma in duk wadda ta yi fice ta ce ni ba 'yar gidan nan ba ce, gidan zai ci gaba da zama abin raini kuma 'yan baya su za su kwashi kashin. Le Guin ta zauna a gidan. Ita ce mace ta farko da ta ci Hugo ta cikakken littafi a 1970, kuma da aka ba ta babbar lambar girmamawa ta adabin Amurka a 2014 tana da shekara 85, a kan mumbari ta ce tana raba lambar da 'yan uwanta marubutan kimiyya da na almara da aka daɗe ana rufe wa ƙofa suna kallo ana miƙa kyaututtuka ga wasu. Ta jira fa, shekaru kusan 50 tana rubutu.

Akwai wadda ta ci Nobel a cikinsu?

Doris Lessing, 2007. Ta tashi a ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe. Sai da ta yi suna a matsayin marubuciyar “gaske” sannan ta juya ta rubuta littattafai 5 na sararin samaniya tsakanin 1979 da 1983, 'yan sharhi suka yi ta kuka wai ta ɓata baiwarta. Ko da ta ci Nobel ɗin wani babban mai sharhi na Amurka, Harold Bloom, cewa ya yi rubutunta na baya-baya labarin kimiyya ne mai daraja ta huɗu. Ita kam ko a jikinta, har babban taron masoya fannin na duniya ta je a 1987 a matsayin babbar baƙuwa.

Duk Turawa kike ta lissafowa, baƙar fata fa? 'Yan Najeriya fa?

Octavia Butler. Matar nan wanke-wanke ta yi, ta yi aikin duba soyayyen dankali a masana'anta, tana tashi tsakar dare ta yi rubutu kafin ta tafi aiki. Kindred na 1979 labarin baƙar mace ce ta zamani da ake ta fizgarta zuwa gonar bayi ta kakanninta. Wild Seed na 1980 a ƙasar Ibo ya fara. Da littafinta Dawn ya fito a 1987 farar mace aka zana a bango alhali jarumar baƙa ce, kun ga lakabin ba a suna kawai yake ba har a hoto. A 1995 ta zama marubuciyar kimiyya ta farko, mace ko namiji, da ta samu tallafin MacArthur, wani babban tallafin kuɗi da ake ba haziƙai a Amurka. Ta rasu a 2006, kuma sai a 2020 lokacin korona littafinta na 1993 ya shiga jerin waɗanda aka fi saye na New York Times, shekara 14 bayan an binne ta. A 2021 hukumar NASA ta sa wa gurin da motar binciken hukumar ta sauka a duniyar Mars sunan Butler.

N. K. Jemisin ta ci Hugo ta cikakken littafi sau 3 a jere, 2016, 2017, 2018, ba wanda ya taɓa yi kafin ita.

Tamu kuma Nnedi Okorafor, iyayenta Ibo ne, a Amurka aka haife ta. A Lagoon na 2014 baƙin wata duniya a Legas suka sauka ba a Niyok ba kamar yadda aka saba. Binti, labarin yarinya 'yar ƙabilar Himba da ta gudu zuwa jami'a a wata duniyar, ya ci Hugo da takwararta Nebula. Tana da wani ma da aka kafa a Nijar ta shekarar 2070. Ita da kanta ta zaɓa wa aikinta lakabi don ta bambanta labarin da ya tsiro daga Afirka da na baƙaƙen Amurka, kuma tana faɗa da duk wanda ya maƙala mata wani. Akwai Chinelo Onwualu cikin waɗanda suka kafa mujallar Omenana a 2014, da Lauren Beukes ta Afirka ta Kudu da Namwali Serpell ta Zambiya da suka ci kyautar Clarke a 2011 da 2020.

To mu a Kano meye namu a ciki?

Haba 'yar uwa, ai mu ne ma ya kamata mu fi kowa ganewa. Tun daga shekarun 1980 mata suke rubutu a garin nan suna bugawa da kuɗinsu, ki shiga wajen masu littattafai a kasuwar Sabon Gari ki ga yadda ake jibge su, siraran littattafai kashi 1 kashi 2 kashi 3, bango da hoton 'yar kwalliya, mai shago na ɗaure su dami-dami za a kai Gusau da Maraɗi. Me aka kira su? Littattafan soyayya. Malaman jami'a kuma suka ce Adabin Kasuwar Kano, sunan da Ibrahim Malumfashi ya raɗa, aka yi ta muhawara a jaridu shekara da shekaru shi da su Abdalla Uba Adamu da Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu kan ko abin adabi ne ko ba adabi ba.

Yanzu ki ɗauki Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, 1990. Labarin matar da miji ya kora da 'ya'yanta saboda ya auro wata, da yadda ta tsaya da ƙafarta. Ina soyayyar a nan? Wa Zai Auri Jahila maganar auren wuri da ilimin mata ne. Amma kanta ɗaya aka jera su da komai, lakabi ɗaya. Sai da wani kamfani a Indiya ya buga fassarar Turanci ta Alhaki a 2012 sannan wasu 'yan bokonmu da suke wuce shi a kasuwa suka fara cewa ashe littafi ne. Ƙungiyar marubutan lokacin ma da suka sa wa kansu Raina Kama sun san me ake musu.

To ki haɗa: mace, tana rubutu da Hausa, kuma ta ce labarin kimiyya za ta yi. Manyan kyaututtukan ƙasar nan irin ta kamfanin iskar gas na NLNG mai dala 100,000 littattafan Turanci ake kaiwa. Hawa uku kenan.

An taɓa yin irinsa da Hausa kuwa?

An yi. Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, 1969, yaro ne da baƙo daga sama ya ɗauka yawon sararin samaniya. Shekarar da aka sauka a wata kenan. Abin da ya fi yawa a rubutun matanmu yanzu, a takarda da wanda ake turawa a WhatsApp da Wattpad, aure ne da kishi da gidan sarauta da aljanu, kuma masu karatun da suka yarda aljani ya auri mutum ba za su gagara yarda da Kano ta shekarar 2090 ba. Gasar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016 ta mata ce zalla.

Ba ya saɓa wa addini?

Fatawa ta malamai ce ba tawa ba. Abin da na sani shi ne fannin hanya ce ta ba da labari, abin da aka zuba a ciki shi ake dubawa, akwai littattafan da ba zan ba ƙanwata ba akwai waɗanda zan saya mata da kuɗina, kamar kowane fanni. Rokeya Musulma ce. Wadda za ta buga a takarda a Kano kuma ta san da Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i, wannan ba sabon abu ba ne.

Yanzu an daina rainin ko?

Ya ragu sosai. Library of America, masu buga littattafan da ake ɗauka a matsayin gadon adabin Amurka, sun fara buga Le Guin a 2016 tana raye, abin da ba kasafai suke yi ba. A 2024 Samantha Harvey ta ci Booker da Orbital, labarin 'yan sama jannati 6 a tashar sararin samaniya, ko da yake shi ma an yi ta jaddada cewa ai ba labarin kimiyya ba ne, tsohuwar dabarar dai.

A cikin gidan ma ba a zauna lafiya ba. A 2015 wasu gungun marubuta da masu karatu da suke ganin mata da baƙaƙe sun cika cin Hugo suka haɗa baki suka cika jerin 'yan takara da mutanensu, masu zaɓe kuma suka gwammace a bar rukuni 5 ba kyauta da a ba su. Shekarar da ta biyo baya Jemisin ta fara cin nata.

Ina rubuta wani labari a kan Kano bayan shekara 100. In na gama in kira shi labarin kimiyya ko in ɓoye?

Ki kira shi da sunansa. Masu karatun da za su so shi ta nan za su same ki, waɗanda za su raina kuma ko me kika rubuta a bango za su samo dalili. Abin da zan roƙe ki shi ne ki yi aikin, in ruwa ne matsalar garin naki ki je ki karanta yadda Tiga da Challawa suke ba Kano ruwa, ki tambayi masu haƙa borehol ƙafa nawa suke yi yanzu kafin su samu, in rini ne ki je Ƙofar Mata ki zauna ki ga yadda ake haɗa baba da toka. Kada ki ɗauko birnin fim ɗin Amurka ki sa masa suna Fagge. Kuma bangon ki sa ido a kai da kanki, don mai bugawa zai so ya manna miki hoton amarya da lalle wai shi ke sayarwa, ki ce masa a'a tun kafin ki biya kuɗin takarda.